Filin Tambaya da Amsa: Rigimar Ɗan Wasa da Cinikin Kamfanin da Yake Yi wa Talla

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu biyar da suka zo kan batu guda, wato abin da ke samun kamfanonin kayan wasanni irin su Nike da Adidas idan ɗan wasan da suke biya domin ya tallata musu kaya ya janyo ce-ce-ku-ce. Mun taƙaita tambayoyin, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, shekarun baya na ga hotunan mutane a Amurka suna ƙona takalman Nike saboda wani ɗan wasa da kamfanin ya sa a tallansa, daga baya kuma na ji an ce cinikin kamfanin ƙaruwa ya yi. Yaya za a yi jama'a su ƙona kaya, ciniki kuma ya ƙaru?

Amsa: Malam, abin da ka gani ya faru ne a watan Satumban 2018, ɗan wasan kuwa shi ne Colin Kaepernick, wanda ya yi wa ƙungiyar San Francisco 49ers wasa a gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga. A 2016 ya fara durƙusawa a kan gwiwa ɗaya idan ana rera taken ƙasa kafin a take wasa, domin nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata. Wasu suka ɗauke shi gwarzo, wasu kuma suka ce ya raina tuta da sojojin ƙasar, kuma tun da ya bar ƙungiyar a farkon 2017 babu wadda ta sake ɗaukarsa. Ana cikin wannan hali ne Nike, wanda ke da kwantiragi da shi tun 2011, ya fito da hoton fuskarsa mai launin baƙi da fari a tallan cika shekara 30 da fara amfani da takensa na Just Do It, an rubuta a tsakiyar fuskar cewa mutum ya yi imani da wani abu ko da kuwa zai rasa komai a kansa.

Kafin a ce kwabo bidiyoyi sun cika intanet, wannan ya cinna wa takalmansa wuta a harabar gidansa, wancan ya sa almakashi yana yanke tambarin kamfanin daga safarsa. Shugaba Donald Trump ya shiga cikin masu suka, kuma ranar farko da kasuwa ta buɗe bayan fitowar tallan, darajar hannun jarin Nike ta faɗi da kusan kashi 3 cikin 100. Sai dai kamfanin Edison Trends mai bin diddigin saye da sayarwa ta intanet ya ƙiyasta cewa cinikin Nike ta wannan hanya ya haura da kashi 31 cikin 100 daga Lahadi zuwa Talatar wannan mako, alhali a kwanaki irinsu na shekarar da ta gabata kashi 17 ya ƙaru. Kafin watan ya ƙare hannun jarin ya kai darajar da bai taɓa kaiwa ba, sannan a watanni ukun da suka ƙare a ƙarshen Nuwamba kuɗin shigar kamfanin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ya kai dala biliyan 9.4.

Dalili na farko a fili yake: wanda ya ƙona takalminsa ya riga ya biya kuɗinsa, abin da ke damun kamfani shi ne wa zai sayi na gaba. Masu nazarin kasuwar takalma sun ce a lokacin kusan kashi biyu cikin uku na masu sa Nike a Amurka ba su kai shekara 35 ba, kuma a cikin matasa da mazauna manyan birane da baƙaƙen fata ne Kaepernick ya fi samun goyon baya. Waɗanda suka fi harzuƙa kuwa yawancinsu manya ne masu ra'ayin riƙau, waɗanda dama ba su ne ke layi domin sabon takalmi ba. Ƙari a kan haka, fiye da rabin kuɗin shigar Nike daga wajen Arewacin Amurka yake zuwa, inda rigimar taken ƙasar Amurka ba ta ɗaɗa kowa da ƙasa ba. Wato kamfanin ya auna waɗanda zai ɓata wa rai da waɗanda zai faranta wa, ya ga na biyun ne ke riƙe da aljihunsa, sannan ya samu talla kyauta a kowane gidan talabijin na tsawon makonni.

Amma ina jan hankalinka kada ka ɗora dukkan ribar a kan Kaepernick. Adadin nan na kashi 31 na kwana uku ne kawai, na cinikin intanet kaɗai, kuma ya faɗo a kan hutun ranar ma'aikata, lokacin da ake rangwamen kaya a Amurka. Ban da haka kamfanin ya riga ya fara farfaɗowa a 2018 saboda sababbin samfura irin su Air Max 270 da kuma mayar da hankali ga sayarwa kai tsaye ba ta hannun dillalai ba. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ƙauracewar ba ta rage ciniki ba. Nike kuma ba baƙo ba ne a wannan fage, domin tun 1985, da hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta rubuto cewa takalmin Michael Jordan mai launin ja da baƙi ya saɓa ƙa'idar kayan wasa, kamfanin ya mayar da haramcin talla, ya sayar da Air Jordan da sunan takalmin da aka hana sawa. Masu bin tarihin takalma ma cewa suke yi wanda aka hana ɗin wani samfuri ne daban mai suna Air Ship, amma wa ya tsaya tambaya?

Tambaya: Ke nan, Malam, duk wata rigima riba ce ga kamfani? Idan haka ne me ya sa suke korar wasu 'yan wasan da zarar abu ya faru?

Amsa: A'a, rigima suna ta tara. Ta Kaepernick rigimar ra'ayi ce, wadda ke raba jama'a gida biyu, kuma duk inda aka rabu gida biyu akwai ɓangaren da zai sayi kaya domin nuna inda ya tsaya. Abin kunya kuwa ba shi da magoya baya, babu wanda zai sayi riga domin ya nuna yana tare da mai cin zali. Shi ya sa Nike ya dakatar da ɗan tseren Afirka ta Kudu Oscar Pistorius 'yan kwanaki bayan ya harbe budurwarsa a Fabrairun 2013, shi ya sa kuma Adidas ya sallami Kurt Zouma na West Ham a Fabrairun 2022 da bidiyon da yake harbin kyanwarsa da ƙafa ya bazu. A irin wannan babu wani dogon lissafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka kwatanta Tiger Woods da Lance Armstrong, waɗanda dukkansu Nike ne ke ɗaukar nauyinsu, amma ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya. A ƙarshen Nuwamban 2009 Woods, gwarzon wasan golf, ya yi hatsarin mota a ƙofar gidansa, daga nan asirin cin amanar aurensa ya tonu. Accenture da AT&T da Gatorade suka rabu da shi, Nike ya ce yana nan. Bambancin yana ga abin da kowannensu ke sayarwa. Accenture kamfanin ba da shawara ne ga manyan 'yan kasuwa, hajarsa ita ce amana da hangen nesa, kuma mutumin da sunansa ya ɓaci ta wannan fuska ba zai iya tallata masa su ba. Nike kuwa a lokacin sanda da ƙwallo da rigar golf yake sayarwa, wanda ya saye su yana koyi ne da bugun Woods, ba da zaman aurensa ba. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun bi cinikin ƙwallon golf a Amurka, suka ƙiyasta cewa a watanni shidan da suka biyo bayan abin kunyar Nike ya rasa masu saye kusan 105,000, amma da ya sallami Woods da asararsa ta fi haka. Sun kuma lissafa cewa daga 2000 zuwa 2010 sunan Woods ya ƙara wa kamfanin ribar kusan dala miliyan 103 a cinikin ƙwallon kaɗai. Alaƙar da ta fara a 1996 ba ta ƙare ba sai Janairun 2024, kuma a tsakani Woods ya dawo ya lashe gasar Masters a 2019, Nike ya kwashi garaɓasar haƙurinsa.

Armstrong kuwa laifinsa a cikin filin wasa yake. Ya lashe tseren keke na Tour de France sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005 bayan ya warke daga cutar daji, kuma a kan wannan labari ne aka gina komai, har da awarwaron roba mai ruwan ɗorawa na gidauniyar Livestrong da Nike ya ƙera a 2004, wanda aka sayar da fiye da miliyan 80. Kamfanin ya shafe shekaru yana kare shi daga zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Da hukumar yaƙi da shan irin waɗannan ƙwayoyi ta Amurka ta fitar da hujjojinta a Oktoban 2012, mako guda kawai aka yi Nike ya soke kwantiraginsa, yana cewa an yaudare shi fiye da shekara goma, a 2013 kuma ya sanar da daina yin kayan Livestrong. A nan abin da ake tallatawa, wato nasara ta hanyar gumi, shi ne ya zama ƙarya, saboda haka babu abin da ya rage da za a riƙe. A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace bayyana halin kamfanonin: suna yafe laifin da bai taɓa hajarsu ba, kuma ko wanda ya taɓa ta sukan jira su ga ko jama'a za su manta. Michael Vick, ɗan wasan NFL, ya yi zaman kurkuku saboda shirya faɗan karnuka, Nike ya kore shi a 2007, amma da ya dawo yana haskakawa a fili sai ya sake ɗaukarsa a 2011.

Tambaya: Ina yawan karanta cewa kamfani kaza ya yi asarar dala biliyan kaza a rana ɗaya saboda abin da ɗan wasa ya yi. Shin kuɗin nan fita suke yi daga asusun kamfanin?

Amsa: Ko kwabo ba ya fita. Abin da ake nufi shi ne farashin hannun jari ya sauka, aka ninka saukar da yawan hannayen jarin da ke kasuwa, sai adadi mai ban tsoro ya fito. Wannan hasashe ne na masu zuba jari game da abin da suke tsoron zai faru, yana iya juyewa washegari, kamar yadda na Nike ya juya a 2018. Ko ƙiyasin da wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya suka yi cewa masu hannun jari a kamfanonin da Woods ke yi wa talla sun yi asarar dala biliyan 5 zuwa 12, irin wannan lissafi ne, ba na ciniki ba.

Wani lokacin ma faɗuwar ba ta da alaƙa da ɗan wasan ko kaɗan. A Yunin 2021, a taron manema labarai na gasar cin kofin nahiyar Turai, Cristiano Ronaldo ya ture kwalabe biyu na Coca-Cola daga gabansa ya ɗaga gorar ruwa, jaridu suka yi ta yayata cewa ya jawo wa kamfanin asarar dala biliyan 4. Da aka duba sai aka ga farashin ya riga ya sauka tun kafin ya zauna, kuma ranar ta dace da ranar da sabon mai saye ba ya samun rabon ribar zangon, wadda a bisa al'ada farashi kan ragu a cikinta. Idan kana son sanin gaskiyar tasiri, jira rahoton ciniki na watanni uku, ka kuma duba yankin da rigimar ta shafa.

Tambaya: To a cikin duk waɗannan, wane kamfani ne ya fi jin jiki, kuma me ya sa?

Amsa: Adidas ne, kuma abin mamaki ba ɗan wasa ne ya jawo masa ba, mawaƙi ne, Kanye West, wanda ya koma kiran kansa Ye. Na kawo shi ne domin labarinsa ya fi kowane nuna inda haɗarin yake. Bayan kalaman ƙin jinin Yahudawa da ya yi ta furtawa, Adidas ya raba gari da shi ranar 25 ga Oktoban 2022, bayan makonni ana sukar kamfanin da jan ƙafa. Jan ƙafar kuwa tana da dalili, domin takalman Yeezy da Adidas ke yi tare da shi ba talla ba ne kawai, sashe ne na kasuwancin kamfanin mai riba sosai. A Fabrairun 2023 Adidas ya faɗa wa masu hannun jari cewa idan bai sayar da kayan da suka rage a rumbunansa ba, kuɗin shigarsa zai ragu da kusan yuro biliyan 1.2, ribarsa kuma da yuro miliyan 500. Daga baya sabon shugaban kamfanin, Bjørn Gulden, ya zaɓi a sayar da su kashi-kashi a ba ƙungiyoyin yaƙi da wariya wani ɓangare na kuɗin, aka sayar da na kusan yuro miliyan 750 a 2023, amma duk da haka shekarar ta ƙare da faɗuwar yuro miliyan 58, karo na farko cikin fiye da shekara 30.

A kwatanta wannan da abin da ya faru da Nike a daidai wannan lokaci. Kyrie Irving, tauraron ƙwallon kwando, ya yaɗa wani fim mai ɗauke da ƙin jinin Yahudawa, Nike ya dakatar da shi a Nuwamban 2022, ya fasa fitar da takalmin Kyrie 8 da aka gama shiryawa, a Disamba kuma ya rabu da shi baki ɗaya. Takalman Irving suna cikin waɗanda suka fi kasuwa a jerin na 'yan ƙwallon kwando, amma a shekarar kuɗin da abin ya faru cinikin Nike ya tashi daga dala biliyan 46.7 zuwa 51.2. Laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya, sakamako daban, domin garin da ke shan rijiya ɗaya ba daidai yake da mai rijiyoyi ɗari ba idan guda ta gurɓace. Girman surutu ba shi ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne kaso nawa na ciniki ke rataye a wuyan mutum ɗaya, da kuma ko kayan za su iya sayuwa idan aka cire sunansa.

Tambaya daga wata mai karatu: Malam, ni abin da nake son sani shi ne, shin kamfanonin nan don Allah suke tsayawa tare da 'yan wasa ko rabuwa da su, ko kuwa duk lissafin kuɗi ne?

Amsa: Malama, ba zan ce babu mai aƙida a cikin ma'aikatansu ba, amma hukuncin ƙarshe na lissafi ne, kuma an tanadi hanyarsa tun a takarda. Kusan kowane kwantiragin talla yana da sharaɗin ɗa'a, wanda ya ba kamfani damar dakatar da biya ko soke yarjejeniya idan ɗan wasa ya aikata abin da zai zubar da mutuncinsa. Shi ya sa za ki ga kalmar da suka fi so ita ce dakatarwa, domin tana ba su lokaci su ga inda iska ta kaɗa. Da tauraruwar tanis Maria Sharapova ta sanar a Maris ɗin 2016 cewa an same ta da ƙwayar meldonium da aka haramta wa 'yan wasa, cikin sa'o'i Nike ya dakatar da ita, a Yuni kuma, da kotun hukumar tanis ta ce ba da gangan ta karya doka ba, sai ya dawo da ita duk da an hana ta wasa.

Idan kina son gwada aƙida, duba abin da kamfani ke yi a inda ba a tafa masa. Nike ɗin da ya tsaya da Kaepernick shi ne wanda Allyson Felix, gwarzuwar tsere ta Amurka, ta bayyana a 2019 cewa ya nemi rage mata kashi 70 cikin 100 na kuɗin kwantiraginta a lokacin da take fama da batun ciki da haihuwa, kuma sai da suka ta yi yawa sannan ya gyara ƙa'idarsa game da masu juna biyu. A Oktoban 2019, da babban manajan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets ya goyi bayan masu zanga-zangar adawa da gwamnatin Sin a Hong Kong, kayan ƙungiyar suka ɓace daga shagunan Nike a manyan biranen Sin, ƙasar da yankinta ya kawo masa dala biliyan 6.2 a shekarar kuɗi ta 2019. Jarumtar da ke kawo riba a Amurka tana iya zama asara a wata kasuwar, kuma kamfanin ya san bambancin sarai. Jordan ma a 1990, da aka nemi ya fito fili ya goyi bayan wani baƙar fata ɗan takarar majalisar dattawa da ke karawa da ɗan jam'iyyar Republican, cewa ya yi 'yan jam'iyyar Republican su ma suna sayen takalma, ko da yake daga baya ya ce wasa yake yi da abokansa.

A Sin ɗin ne kuma aka ga ƙauracewar da ta ciji ciniki da gaske. A Maris ɗin 2021 aka tono kalaman da Nike da Adidas da wasu suka yi na damuwa kan zargin aikin tilas a gonakin audugar Xinjiang, yankin Musulmin Uighur, kafofin yaɗa labaran gwamnati suka hura wutar, fitattun matasan ƙasar da ke yi musu talla suka yi ta soke kwantiragi ɗaya bayan ɗaya. A watanni ukun da suka biyo baya cinikin Adidas a yankin ya faɗi da kusan kashi 16 cikin 100. Abin da ya bambanta wannan da ƙona takalma a Amurka shi ne masu fushin su ne masu sayen, akwai gwamnati a bayansu, sannan ga kamfanonin gida irin su Anta da Li-Ning a shirye da kaya masu rahusa. Anta ɗin ne kuma ya ɗauki Kyrie Irving a 2023, watanni kaɗan bayan Nike ya sallame shi, ya ba shi muƙami a sashen zayyana kayan ƙwallon kwando, ya fito da sabon takalmi da sunansa a shekarar da ta biyo.